Ɗalibin Labarin Ƙasa, Fita Ka Auna

  Shirinmu na yau na ɗalibai ne, musamman masu karatun labarin ƙasa da na muhalli a jami'o'i da kwalejojin ilimi da manyan ajujuwan sakandare. Amma iyaye da malamai da masu unguwanni, kada ku matsa daga kusa da rediyo, domin maganar za ta biyo ta kanku.

Kowace shekara dubban ɗalibai kan rubuta kundin bincike kafin a ba su takardar kammala karatu. A sashen labarin ƙasa batutuwan sanannu ne: kwararowar hamada, zaizayar ƙasa, ambaliya, shara, sare itatuwa, ƙarancin ruwan sha. Babu wanda bai dame mu ba a cikinsu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake yin aikin. Ɗalibi zai buga takardar tambayoyi, ya raba kaɗan, sauran ya zauna da abokansa su cike a ɗakin kwana. Wani ma ba ya wahalar da kansa, shagon buga takardu zai je ya sayi tsohon kundi, a goge sunan wancan gari a sa na wannan. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai yara masu ƙwazo da malamai masu tsayawa a kan gaskiya. Sai dai ɗabi'ar ta yi yawan da ya kamata a fito a yi magana a kanta.

Akwai wata jimla da za ka yi ta cin karo da ita a kundaye, wai hamada tana cin kilomita 0.6 na ƙasar Nijeriya a kowace shekara. Wannan ya kwafa daga wancan, wancan ya kwafa daga na gabansa. Tambayi ɗalibin a ina aka auna, wane gari, wace shekara, sai ya yi shiru. Haka ma maganar Tafkin Chadi. Gaskiya ne a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya rasa kusan kashi 90 cikin 100 na wannan faɗi. Amma daga baya ruwa ya ɗan dawo, musamman a ɓangaren kudu, kuma yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon damina. Ɗalibin da ya tsaya a lissafin shekara 40 da suka wuce ya bar rabin labarin a baya.

Wannan tsoro na hamada ya daɗe. A shekarar 1934 wani farfesan gandun daji daga Jami'ar Edinbura mai suna Stebbing ya zaga arewacin Nijeriya da ƙasar Nijar a lokacin rani, ya ga yashi da busasshiyar ciyawa, ya koma gida ya rubuta cewa Sahara tana tahowa kudu, kuma nan ba da daɗewa ba za ta binne garuruwa. Maganar ta tayar da hankali har Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti, wanda ya bi iyakar ƙasashen biyu tsakanin 1936 da 1937. Da suka taka ƙasar da ƙafarsu, ba su ga wata hamada da ke tafiya gaba ɗaya kamar yadda aka faɗa ba. Sun dai ga wuraren da sara da ƙona daji suka lalata, suka ce a gyara. Gani ya kori ji.

Bayan wannan da shekaru aka yi wani malami da ya kamata kowane ɗalibin labarin ƙasa a arewa ya san sunansa, Michael Mortimore. Ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun daga 1962, ya koma Jami'ar Bayero ta Kano a 1979 ya zauna har 1986. A lokacin ana ganin cewa duk inda jama'a suka yi yawa dole ƙasa ta mutu. Shi kuwa ya fita ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, inda babu gonar da ake bari ta huta, ya duba yadda ake yi. Ya ga jakuna suna shigo da itace da amfanin gona cikin birni, suna fita da mangaloli cike da shara da toka da kashin dabbobi zuwa gonaki. Ya ga gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda. Ya ga manomi yana barin ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo a tsakiyar gonarsa, kowace bishiya da mai ita. Ƙasar da littafi ya ce ta gaji tana ciyar da ɗaruruwan mutane a kowane murabba'in kilomita. Daga baya ya ɗauki wani ƙauye mai suna Dagaceri a arewa maso gabashin Jihar Jigawa ta yau, ya yi ta komawa sama da shekara goma, tun daga farin shekarun 1970 har ya haɗa da na 1984, yana rubuta abin da mutane suka shuka, abin da suka sayar, da inda suka tafi cin rani. Littafin da ya fitar a 1989 har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Kayan aikinsa ba su fi ƙarfin ɗalibinmu ba: littafin rubutu, taswira, jin Hausa, da komawa wuri guda sau da yawa.

Ku tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram ku ji abin da ya fi wannan. Bayan fari na 1984, manoma suka fara abin da ake kira sassaben zamani. Maimakon a tumɓuke kututturen bishiya lokacin sharar gona, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi daga tohon da ya fito, a sassabe sauran, a bar waɗannan su girma. Wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa dabarar a yankin Maraɗi. Shekara 20 ana wannan aiki ba tare da manyan ofisoshi sun lura ba, suna ta rubuta cewa itatuwan Nijar sun ƙare. Sai da masana irin su Mahamane Larwanou na Nijar da abokan aikinsa suka shiga gonakin Magarya da Matamai da Mirya, aka kuma gwama hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na shekarun 2000, sannan aka gane cewa bishiyoyi sun ninka. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. A yankin Damagaram yawancinsu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya tsiro da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci.

Kada wani ya ce na ce babu matsala. Wanda ya je Yusufari ko Yunusari a Jihar Yobe ya ga tudun yashi yana danne gona da dabino ya san akwai ta. Abin da nake nufi shi ne ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Wani wuri yana lalacewa, wani yana farfaɗowa, wani lokaci ma a ƙaramar hukuma guda. Wanda zai bambance mana su shi ne wanda ya je ya auna, kuma babu wanda ya fi ɗan garin sauƙin zuwa.

To, me ɗalibin da ba shi da kuɗi zai iya aunawa? Mu fara da ruwan sama. Nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, kuma gindin a shafe yake. Kafa turke a fili, nesa da bishiya da indararo da katanga, ka ɗaure gwangwanin a kai ya tsaya daidai, inda akuya ba za ta ture ba, yara kuma ba za su yi wasa da shi ba. Kowace safiya a lokaci guda, kafin rana ta yi zafi ta shanye ruwan, ka sa rula ka auna zurfinsa da milimita, ka rubuta kwanan wata da adadin, ka zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba, rubuta sifiri, kada ka bar gurbin fayau, domin sifirin nan shi zai nuna maka kwana nawa shuka ta yi tana jiran ruwa. Milimita 1 a gwangwaninka daidai yake da lita 1 a kan kowane murabba'in mita na ƙasa. Idan ka sami milimita 20, to hekta guda ta sha lita 200,000 a daren nan. Idan rufin ajinku ya kai murabba'in mita 100, aka kuma sami milimita 800 a damina, lita 80,000 ke nan suka zubo ta indararo suka bi kwata, wato jarka 3,200 mai cin lita 25. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa ba zai sake kallon ruwan indararo yadda yake kallonsa a da ba.

Tashoshin hukumar kula da yanayi ba su da yawa, galibi suna filayen jiragen sama da manyan birane. Mu kuwa mun san ruwanmu, yakan sauka a wannan ƙauye ya tsallake na gaba. Da kowace sakandare tana da gwangwani da littafi, a cikin shekara goma da mun san damunarmu fiye da yadda muka san ta yanzu.

Igiyar guga ma kayan bincike ce. Ka ɗaura mata ƙulli a kowace mita, ka zura a rijiya guda a ranar farko ta kowane wata, ka rubuta inda ruwa yake. Wanda garinsu ke fama da kwazazzabo ya kafa turaku nesa kaɗan da bakin ramin kafin damina, ya auna tazarar, ya dawo da kaka ya sake aunawa. Wanda ke kusa da inda aka dasa itatuwa ƙarƙashin shirin nan na Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya je ya ƙirga nawa suka rayu bayan rani biyu, wane iri ne ya jure, wa ke ba su ruwa. Kullum ana gaya mana adadin da aka dasa. Adadin da ya rayu shi ne ba mu cika ji ba.

Ɗan birni kuma ga kududdufi. A tsohon birnin Kano da Zariya da Katsina, ramukan da aka haƙi ƙasar gini su ne suka zama matattarar ruwan sama, unguwa ta zubar da ruwanta a ciki. Yanzu ana cike su da shara, a yanka filaye, a yi gini. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa, idan bai sami kududdufi ba zai shiga ɗakin mutane. Manhajar Google Earth tana da tsofaffin hotuna da ake iya komawa baya a duba. Ɗalibi ya buɗe hoton unguwarsu na shekarun baya a kwamfuta, ya zana kowane kududdufi, ya buɗe na bana ya sake zanawa. Sannan ya rufe kwamfutar ya fita, ya tsaya a kan kowane wuri, ya tambayi dattawan unguwa sunan kududdufin da shekarar da aka cike shi, ya duba jikin katangu inda ruwa ya bar zane a ambaliyar bara, ya auna tsayinsa. Idan ya ɗora taswirar kududdufan da suka ɓace a kan ta gidajen da ruwa ke shiga, ya samar da abin da hukumar tsara birni za ta iya aiki da shi. Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan irinta ta 1994, ta isa ta nuna mana cewa sanin hanyar ruwa a cikin gari magana ce ta rai da mutuwa.

Akwai binciken da ke buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. Kogin Jakara yana ratsa birnin Kano yana kwasar ruwan kwata, rafin Getsi ya haɗu da shi ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su gangara zuwa madatsar Wasai. A bakin wannan ruwa ake noman latas da kabeji da alayyahu da ke shigowa kasuwa. Masana'antun jima kuma suna aiki da sinadarin kuromiyom. An yi bincike da yawa a kan wannan ruwa, amma abu ne da ke buƙatar a riƙa aunawa kullum, rani da damina. A nan ɗalibin labarin ƙasa ya haɗa kai da na kimiyyar sinadarai, ɗaya ya san inda za a ɗebo, ɗaya ya san yadda za a gwada. Kuma kada a manta da manomin da ke ban ruwa a wurin. Ba abokin gaba ba ne, abincin iyalinsa yake nema, shi ne kuma ƙafarsa ke cikin ruwan tun safe.

Wannan ya kawo ni kan ladabin shiga gari. Ɗana, 'yata, idan kun je ƙauye ku fara da ƙofar dagaci ko mai unguwa, da takarda daga makaranta, ku gaisa yadda ya kamata, ku faɗi abin da ya kawo ku. Mutane za su zaci tallafi za a raba, ku gaya musu gaskiya tun farko cewa karatu ne, kada ku yi alkawarin rijiya ko taki. Kada ku miƙa wa tsoho takardar Turanci ku ce ya zaɓi ɗaya cikin huɗu. Ku zauna a tabarma ku saurara. Manomi ya raba ƙasarsa tun kafin a kawo taswira: ga jigawa, ga fadama, ga dabaro, ga jangargari, ga fako inda ruwa ba ya shiga, kuma ya san abin da kowace ke karɓa. Idan ka tambaye shi shekara ba lalle ya ba ka lamba ba, amma zai ce maka kafin yunwar kaza ko bayan sarautar wane. A ƙasar Kano an san Kakalaba, yunwar 1914. A Nijar an san El-Buhari ta 1984. Aikinka ne ka mayar da waɗannan zuwa shekaru.

'Yan mata kuma kada su ɗauka fita fili na maza ne. Akwai ƙofar da ɗalibi namiji ba zai wuce zaure ba, ɗaliba kuwa za ta shiga har madafa. Nawa ake kashewa a itace ko gawayi a mako, jarka nawa gida ke sha a rana, wace rijiya ce ke sa yara gudawa, wane ganye ne aka daina samu a daji, duk amsoshin suna wurin matan gida. Bala'in gubar dalma na Zamfara a 2010, wanda ya kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta, a tsakar gida ya faru, inda ake daka da niƙa duwatsun zinariya yara suna wasa a cikin ƙurar.

Babban abin da labarin ƙasa ke koya wa yaro shi ne cewa abin da aka yi a nan yana fita a can. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Sun kawo noman rani a Kadawa da Kura, sun ba Kano ruwan sha. Amma can ƙasa, a dausayin Haɗeja da Nguru, ambaliyar shekara-shekara da masunta da manoman shinkafa da makiyaya suka dogara da ita ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana rani da damina a wasu hanyoyin. Sai ciyawar kacalla ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ta cinye gonaki, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Ɗalibi daga Kura da ɗalibi daga Guri da ke can dausayin ruwa ɗaya suke sha, kowa yana ganin rabin labarin. Malami mai hangen nesa zai haɗa su aiki guda.

Malaman sakandare, na san halin da kuke ciki. Darasin labarin ƙasa ya zama na zaɓi, yara da yawa suna gudunsa saboda karatun taswira, babu kuɗin mota, wasu hanyoyin ma babu tsaro. Amma filin makaranta yana nan. Yara su auna shi da taku, su zana taswirarsa, su sa alamar arewa, su ƙirga bishiyoyinsa da sunayensu na Hausa, su bi ruwan sama su ga ta ina yake fita. Wanda ya zana taswirar makarantarsa da hannunsa ba zai firgita da taswirar jarrabawa ba.

Saura maganar inda kundin ke ƙarewa. An sha wahala, an buga, an ɗaure da bango mai kyau, an ba da maki, sai a jibge a kan kanta ƙura da gara su gaje shi. Mutanen da suka ba da lokacinsu ba su sake jin ɗuriyar ɗalibin ba. Wanda ya zo baya kuma sai ya faro daga farko kamar ba a taɓa yin komai ba. Wannan asara ce babba, domin awo guda ba ya nuna canji. Rijiyar da aka auna a bana, idan wani ya auna ta baɗi, wani ya auna ta bayan shekara biyar, a nan ne za a san ko ruwan ƙasa yana sauka.

Don haka ina roƙon shugabannin sassa da malamai masu duba kundaye: ku ware wasu rijiyoyi da kwazazzabai da unguwanni, ku riƙa tura ɗalibai wuri guda shekara bayan shekara, ku kuma nemi ganin littafin da aka yi rubutu a fili kafin ku sa hannu. Iyaye, idan yaro ya nemi kuɗin motar zuwa bincike ku taimaka, amma ku tambaye shi me ya gano. Dagatai da masu unguwanni, ku karɓi yaran nan, ku haɗa su da dattawan da suka san ƙasa. Ku kuma ɗalibai, idan kun gama, ku taƙaita abin da kuka samu a shafi biyu da Hausa, ku koma garin ku karanta wa mutanen da suka ba ku amsa, ku bar musu kwafi a hannun dagaci da shugaban makaranta. Wanda bai zaɓi batu ba tukuna, ya nemi gwangwaninsa da rula tun kafin ruwan fari ya sauka.